Sudan: Jinin da Ba a Taɓa Bin Kadinsa Ba

A ƙarshen watan Maris na 1987, a garin Al-Da'in da ke gabashin Darfur, 'yan ƙabilar Dinka waɗanda yaƙin Kudu ya koro suka tsere daga unguwanninsu bayan an far musu, suka fake a ofishin 'yan sanda da tashar jirgin ƙasa. Hukuma ta loda su cikin taragai da sunan za a fitar da su daga garin. Kafin jirgin ya motsa, gungun mutane ɗauke da makamai suka kewaye taragan suka cinna musu wuta da mutane a ciki. Fiye da mutum 1,000 suka halaka a kwana biyu, mata da yara da tsofaffi. Wasu malaman Jami'ar Khartum su biyu, Ushari Mahmud da Sulaiman Baldo, suka bi sawun waɗanda suka tsira, suka rubuta abin da ya faru dalla-dalla. Gwamnatin da ke mulki a lokacin zaɓaɓɓiya ce, ta Sadiƙ al-Mahdi, ga majalisa ga jaridu ga kotuna, amma ba a hukunta kowa kan wannan ta'asa ba, Ushari Mahmud ne ma ya sha ɗauri daga baya. Shekara 38 bayan haka, a ƙarshen Oktoba na 2025, dakarun RSF, rundunar da ke yaƙi da sojojin gwamnati, suka shiga Al-Fashir bayan sun yi mata ƙawanya na kusan wata 18, suka bi mutane gida-gida da kan hanyoyin gudu suna harbewa, suna ɗaukar kansu a bidiyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an kashe fiye da mutum 460 a asibitin haihuwa na Saudiyya da ke garin kaɗai.

Mutumin da ke ɗaukar kansa a waya yana kashe wanda ya ɗaga hannu sama yana roƙo, mutum ne da ya tabbata babu wanda zai tambaye shi. Wannan tabbacin tarihi ne ya ba shi. Matsayina a wannan rubutu shi ne, kisan farar hula a Sudan ya daɗe da zama hanyar mulki da hanyar hawa mulki, kuma abin da ke raya shi daga ƙarni zuwa ƙarni shi ne yadda kowane sulhu ke ƙarewa da raba muƙamai tsakanin masu bindiga tare da binne shari'ar waɗanda aka kashe. Yanzu da masu shiga tsakani ke ta kai-komo don a tsagaita wuta, hatsarin da ke gaba shi ne a sake ƙulla irin wannan sulhu, a kira shi zaman lafiya, alhali shi ne shukar kisan da zai biyo baya.

Tun ƙasar na jaririya aka fara. Sudan ta samu 'yancin kai ranar 1 ga Janairun 1956, a watan Fabrairu kuma manoman auduga na gonar Joda, waɗanda suka tashi neman haƙƙin amfanin gonarsu, aka kama su aka cusa a ɗaki guda a barikin Kosti, aka rufe ƙofa. Gari ya waye kusan 200 sun mutu saboda rashin iska. A Yulin 1965 sojoji suka yi ta kisa a Juba, kwana biyu bayan haka suka buɗe wuta a wajen wani biki a Wau suka kashe fiye da mutum 70, da yawansu 'yan bokon Kudu. A Maris na 1970 shugaban ƙasa Ja'afar Numeiri ya yi wa tsibirin Aba, cibiyar mabiya Mahdi, ruwan wuta ta sama da ta ƙasa. Mai karatu ya lura da waɗanda aka kashe a waɗannan wurare: talakawan manoma na Farin Nilu, da mutanen Kudu, da Ansaru masu wuridi. Addininsu daban, harshensu daban, abin da ya haɗa su kawai shi ne gwamnati ta ɗauke su barazana kuma ta san ba za ta biya komai ba idan ta zubar da jininsu. Yarjejeniyar Addis Ababa ta 1972, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin Kudu na farko, ta zo da afuwa ga kowa, aka shigar da 'yan tawayen Anyanya cikin soja, aka rufe littafi.

Abin da ya sauya a tsakiyar shekarun 1980 shi ne gwamnati ta gano hanyar yin yaƙi da araha. Baitulmali babu kuɗi, sojoji sun kasa da 'yan tawayen SPLA na John Garang, sai aka koma raba bindigogi ga matasan makiyaya na kan iyakar Kudu, waɗanda fari ya cinye musu dabbobi. Su ne ake kira Murahilin. Ba a ba su albashi, ladansu shi ne abin da suka kwaso: shanu, hatsi, mata da yara. Wanda duk ya sallami mayaƙi a kan ganima ya san a jikin farar hula za a fanshe, domin ɗan tawaye ba shi da garke, ƙauye ne ke da shi. Ga kuma wata riba ta biyu, wato damar musantawa, don duk sanda aka ƙone gari sai gwamnati ta ce rikicin ƙabilu ne. Da Umar al-Bashir ya yi juyin mulki ranar 30 ga Yunin 1989, bai rushe wannan tsari ba, doka ya yi masa, ya kafa Dakarun Kare Kai na Al'umma, ya lulluɓe aikin da sunan jihadi. A tsaunukan Nuba, daga 1992, an rushe ƙauyuka an kwashe jama'a zuwa sansanoni, ba a bar masallatai ba, domin da yawa daga mutanen Nuba Musulmi ne. Yaƙin na biyu, daga 1983 zuwa 2005, ya ci rayuka kusan miliyan 2, mafi yawansu ba su taɓa riƙe bindiga ba.

Darfur ta 2003 wannan tsohon littafin aka sake buɗewa. Bayan 'yan tawaye sun kai hari filin jirgin saman Al-Fashir ranar 25 ga Afrilu sun lalata jirage a ƙasa, gwamnati ta sako shugaban ƙabila Musa Hilal daga tsare, ta ba shi da ire-irensa makamai da kaki, aka sake su kan ƙauyukan Fur da Masalit da Zaghawa. Jirgin Antonob ya yi ruwan bama-bamai da asuba, Janjawid su biyo baya kan dawakai da raƙuma, a kashe maza, a yi wa mata fyaɗe, a jefa gawa a rijiya don kada a sake shan ruwanta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum 300,000 ne suka mutu, miliyan 2.7 suka rasa matsuguni, Bashir kuwa ya ce 10,000 ne. Abin dubawa shi ne makomar waɗanda suka jagoranci aikin. A 2007 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ba da sammacin kama Ahmad Harun, ƙaramin ministan cikin gida da ya riƙe sha'anin tsaron Darfur. A lokacin yana ƙaramin ministan ayyukan jinƙai, wato shi ke kula da sansanonin mutanen da ake zarginsa da korowa. An ba kura ajiyar akuya da gangan. A 2009 aka naɗa shi gwamnan Kordofan ta Kudu, daga baya ta Arewa, a 2019 kuma shi Bashir ya miƙa wa jagorancin jam'iyya mai mulki. Musa Hilal ya zama mai ba gwamnati shawara a 2008. Wani matashi mai fataucin raƙuma da ya yi fice cikin mayaƙan, Muhammad Hamdan Dagalo, wanda duniya ta sani da Hemedti, shi aka ba rundunar RSF da aka kafa a 2013, a 2017 majalisa ta yi mata doka, a shekarar ya karɓe ma'adinan zinare na Jabal Amir, ya kuma riƙa tura mayaƙa Yaman ana biyansa. Duk wani yaro a Darfur da ke da ido ya ga ta wace hanya ake zama mai kuɗi da mulki.

Mutanen Khartum sun daɗe suna jin labarin Darfur kamar labarin wata ƙasa, har ranar 3 ga Yunin 2019, ana jajibirin ƙaramar Sallah. Masu zanga-zangar da suka kawar da Bashir a watan Afrilu suna zaman dirshan a gaban hedikwatar soja suna neman mulkin farar hula, sai dakaru, galibi na RSF, suka far musu da asubahi. Ƙungiyar likitoci ta ƙirga fiye da gawa 100, kusan 40 daga kogin Nilu aka tsamo su, wasu an ɗaure musu duwatsu a ƙafa. Kakakin majalisar soja, Shamsuddin Kabbashi, ya fito ya amsa cewa su suka ba da umarnin tarwatsa zaman. Wata biyu bayan haka Hemedti ne ya sa hannu kan takardar raba mulki a madadin sojoji, ya zama mataimakin shugaban sojojin, Janar Abdulfattah al-Burhan. Aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin lauya Nabil Adib, har sojoji suka sake ƙwace mulki ranar 25 ga Oktoban 2021 kwamitin bai fitar da sakamako ba. Yarjejeniyar Juba ta Oktoban 2020 ta yi alkawarin kotu ta musamman don Darfur da haɗa kai da kotun duniya, amma abin da aka aiwatar da sauri shi ne afuwa da rabon kujeru ga shugabannin 'yan tawaye. Kotun ba a kafa ta ba, Bashir ba a miƙa shi ba, Musa Hilal da ke tsare tun 2017 aka yafe masa a Maris na 2021. Sojojin kiyaye zaman lafiya suka kammala aikinsu a Darfur a ƙarshen 2020, makonni kaɗan bayan haka aka sake far wa sansanin Kirinding a Al-Junaina, a Afrilun 2022 kuma aka kashe kusan mutum 200 a Kirainik.

Saboda haka abin da ya faru bayan 15 ga Afrilun 2023, ranar da yaƙi ya ɓarke tsakanin soja da RSF, bai zo wa mai bin tarihin ƙasar da mamaki ba, ko da yake girmansa ya wuce hankali. A Al-Junaina, garin da alhazan ƙasa daga Kano da Barno suka riƙa yada zango a cikinsa a da bayan sun ƙetaro daga Adare ta Chadi, RSF da mayaƙan da ke mara mata baya suka yi watanni suna farautar Masalit. Gwamnan jihar, Khamis Abakar, ya yi hira da gidan talabijin ranar 14 ga Yuni ya ce kisan ƙare dangi ake yi, cikin sa'o'i aka kama shi aka kashe. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta tsakanin mutum 10,000 zuwa 15,000 aka kashe a wannan gari guda. Sai Ardamata a Nuwamba, sai ƙauyen Wad al-Nura na jihar Jazira a Yunin 2024 inda aka jera gawa fiye da 100 cikin likkafani a fili guda, sai sansanin Zamzam a Afrilun 2025, sai Al-Fashir. Amurka ta bayyana a Janairun 2025 cewa RSF ta aikata kisan ƙare dangi. Hannun soja ma da jini. Jiragensu sun sha jefa bama-bamai kan kasuwanni a ranar cinsu, kamar Kabkabiya a Disamban 2024 da Tora a Maris na 2025. Labarin Abu Aƙila Kaikal shi ya fi nuna cewa tsohuwar ɗabi'ar na nan da ranta: shi ne kwamandan RSF a Jazira lokacin da ake wawashe ƙauyukanta, a Oktoban 2024 ya sauya sheƙa zuwa ɓangaren soja aka karɓe shi da afuwa, a Janairun 2025 kuma masu kare haƙƙin ɗan Adam suka zargi mayaƙansa da kashe mazauna rugagen leburorin gona da ake kira Kanabi, a wannan karon ƙarƙashin tutar gwamnati.

Akwai masu cewa duk wannan tsohuwar gaba ce tsakanin Larabawa da baƙar fata, ko tsakanin makiyayi da manomi, wadda hamada da fari suka rura, don haka kotu ba ta da maganinta. Gaskiya ne farin 1984 ya tura makiyayan arewacin Darfur kudu, kuma rikicin burtali da mashaya da mallakar ƙasa, abin da mutanen can ke kira hakura, ba ƙirƙirarsa aka yi ba. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da ke faruwa idan shanu suka shiga gona. Amma rikicin gona ba ya zuwa da jirgin yaƙi, kuma makiyayi ba ya sayen mota mai ɗauke da bindigar harbo jirgi da kuɗin nono. Hujja mafi ƙarfi a kan wannan magana tana cikin Darfur ɗin kanta. A 2003, Nazir Sa'id Madibbo, sarkin Rizaigat na kudu masu shanu, ya ƙi shigar da mutanensa cikin Janjawid duk da matsin gwamnati. Da ƙiyayyar jini ce ke tuƙa lamarin, da bai iya ba. Bayan 2006 kuma ƙabilun Larabawan da aka ba makamai juna suka koma kashewa kan filayen da aka kore masu su da kan zinare. Ɗora laifin kan ƙabila gaba ɗaya zalunci ne ga marasa laifi a cikinta, kuma kyauta ce ga masu laifin, domin sunayensu na narkewa cikin sunan jama'a. Shari'a kaɗai ke iya ware mutum ɗaya ta ce wane ɗan wane shi ya ba da umarni a rana kaza.

Wannan batu ya shafi Hausawan Sudan kai tsaye. Zuriyar alhazai da manoma da waɗanda suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 sun fi ƙarni suna zaune a gaɓar Shuɗin Nilu da Gadarif da Kassala da Jazira. A Yulin 2022, bayan taƙaddama kan neman a ba Hausawa sarauta a jihar Shuɗin Nilu, faɗa ya ɓarke a Rusairis da kewayen Damazin, aka kashe fiye da mutum 100. A Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi aka kashe fiye da 200, dubban iyalai suka bar gidajensu, Hausawa suka yi zanga-zanga a Khartum da Kassala da wasu biranen. An mutu ta kowane ɓangare, kuma kowane rai daidai yake da ɗan'uwansa. Abin da aka yi bayan nan shi ne abin da aka saba: dokar ta-ɓaci, taron sulhu, sa hannu, hoto. Al'ummar da ba ta da runduna tata, wadda ake iya ce mata baƙuwa duk sanda aka ga dama, ba ta da wata garkuwa sai doka mai aiki. Inda kisa ba shi da hukunci, darasin da kowace ƙabila ke ɗauka shi ne ta nemi tata bindigar, kuma haka ƙungiyoyin mayaƙa suka yi ta yawaita a ƙasar har ba a iya ƙirga su.

Hujja mafi nauyi da ake kawowa kan matsayina ita ce ta masu cewa a tsayar da jini tukuna. Fiye da mutum miliyan 12 sun bar gidajensu, yunwa na kashe yara, kuma babu janar ɗin da zai ajiye makami idan ya san gidan yari ke jiransa. Ban raina wannan magana ba. Dole a zauna da Burhan da Hemedti don a tsagaita wuta a buɗe hanyar abinci, domin su ke riƙe da kunamar bindiga, kuma gaskiya ne lokacin da aka ba da sammacin kama Bashir a Maris na 2009 ya huce haushinsa kan talakawa ta hanyar korar ƙungiyoyin agaji 13. Sai dai tsagaita wuta abu ne daban, rubuta afuwa da raba kujeru abu ne daban, kuma a Sudan kullum na biyun ake shigarwa a rigar na farkon. An jarraba wannan hanya a 1972, a 2005, a Abuja a 2006, a Doha a 2011, a Khartum a 2019, a Juba a 2020. Kowane karo an ce adalci zai zo daga baya, kowane karo wanda aka ɗaga wa ƙafa ya yi amfani da lokacin wajen tara makamai. A dubi Sudan ta Kudu. Dakarun Riek Machar sun kashe farar hula kusan 2,000 a Bor a 1991, yarjejeniyar 2005 ba ta ce uffan kan wannan ko kan laifukan ɓangaren Garang da na Khartum ba, Machar ya zama mataimakin shugaba, sai a 2011 ya nemi gafara da baki. A Disamban 2013 sojojin gwamnati suka bi 'yan Nuer gida-gida a Juba, a Afrilun 2014 mayaƙan Machar suka yi kisa a masallaci da asibiti a Bentiu. Yarjejeniyar 2015 ta yi alkawarin kotun haɗin gwiwa da Tarayyar Afirka, har yau ba a kafa ta ba. Mai cewa adalci ya jira zaman lafiya, wajibi ne ya nuna mana wuri ɗaya a ƙasashen nan biyu da jiran ya haifar da ɗayansu.

Wasu kuma kan ce ai Musulmi ne, afuwa ta fi, kuma Darfur na da al'adarta ta judiya inda ajawid, wato dattawan sulhu, ke zama su ƙididdige asara a biya diyya. Al'ada ce mai daraja, ta riƙe zaman tare shekaru aru-aru. Amma an gina ta ne don rikicin da ɓangarorinsa ke da ƙarfi kusan ɗaya kuma sarki ke tsaye a tsakiya. Idan gwamnati ce ta raba makaman, sannan ta zo ta zauna a kujerar mai sulhu, har ta yi alkawarin biyan diyyar daga baitulmali, to mai kisan bai yi asarar ko akuya ba, kuma jini ya zama abin da ake saye da kuɗin jama'a. A shari'ar Musulunci, wadda dokar laifuka ta Sudan ta 1991 ta ɗauko ƙisasi da diyya daga cikinta, haƙƙin yafewa na magada ne, ba na mai mulki ba, kuma ba a yafe laifin da ba a tabbatar da wanda ya yi shi ba. Matar da aka kashe mata miji da 'ya'ya uku a hanyar Adare, tana zaune a tanti a gabashin Chadi, ita ke da ikon cewa ta yafe, bayan an tsayar da mai laifin a gabanta ya amsa. Janar biyu su yafe wa juna jinin da ba nasu ba, wannan ƙwace ne na biyu bayan na farko.

Saura masu cewa kotun duniya ta 'yan mulkin mallaka ce, Afirka kawai take gani. A nan ma akwai gaskiya. Amurka da Rasha da Sin ba mambobinta ba ne, amma suna zaune a Kwamitin Sulhun da ya miƙa mata batun Darfur a Maris na 2005, kuma wanda ya ga yadda manyan ƙasashe ke kare kansu da ƙawayensu yana da dalilin jin haushi. Sannan kotun na da nawa ƙwarai: sai a Oktoban 2025 ta samu kwamandan Janjawid Ali Kushaib da laifi kan kashe-kashen Mukjar da Dalaij na 2003 da 2004, mutum guda cikin shekara 20, shi ma don ya miƙa kansa ne a 2020. Amma idan aka bi wannan hujja zuwa ƙarshenta, inda take kaiwa shi ne tunda ba a hukunta mai kashe wasu ba, kada a hukunta mai kashe namu. Waɗanda aka kashe a Darfur 'yan Afirka ne, Musulmi ne, mutanen allo da tsangaya. Shugabannin da suka yi wa Bashir shimfiɗa da sunan martabar nahiya, har ya zo Abuja a Yulin 2013 ya koma lafiya, martabar mai mulki suka kare. Kuma Afirka ta nuna tana iyawa idan ta so: a Dakar aka yi wa tsohon shugaban Chadi Hissène Habré shari'a, alƙalan Afirka suka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2016, bayan waɗanda ya azabtar sun shafe fiye da shekara 20 suna bin haƙƙinsu. Kotunan Sudan ma sun taɓa nunawa. A Disamban 2019, lokacin da jama'a ke kan titi, wata kotu a Omdurman ta samu jami'an leƙen asiri fiye da 25 da laifin azabtar da malamin makaranta Ahmad al-Khair har ya mutu a tsare. Alƙalai na nan, abin da ke ɗaure musu hannu shi ne rigar kariyar da dokokin soja da 'yan sanda da hukumar tsaro suka ba jami'ai, ta yadda ba a gurfanar da mutum sai shugabansa ya yarda.

Don haka abin da ya kamata masu shiga tsakani su riƙe ba shi da wuyar faɗa. A tsagaita wuta da kowa, amma kada a rubuta afuwa kan kisan farar hula da fyaɗe a kowace takarda, kuma kada a saka wa kwamandan da ake zargi da kujera a gwamnatin riƙo. A soke rigar kariya. A faɗaɗa hurumin bincike ya wuce Darfur, domin umarnin 2005 bai kai Khartum da Jazira da Kordofan ba, inda aka zubar da jini mai yawa a wannan yaƙi. A tsare kaburburan bai-ɗaya, a rubuta shaidar 'yan gudun hijira tun suna raye suna tunawa, a adana bidiyon da makasan suka ɗauka da hannunsu. A kuma bi sawun zinare da makamai, domin ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce zargin da ake yi wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na kai wa RSF makamai ta gabashin Chadi yana da tushe, ko da yake ita tana musantawa, ɓangaren soja ma yana da masu ba shi jirage marasa matuƙa. Mai ba da bindiga ga wanda ya san abin da zai yi da ita yana da kaso a jinin.

Najeriya na da bakin magana a nan fiye da yawancin ƙasashe. A Abuja aka yi zaman sulhun Darfur, sojojinta 7 na cikin masu kiyaye zaman lafiya 12 da 'yan tawaye suka kashe a Haskanita a Satumban 2007, kuma Janar Abdussalami Abubakar na cikin kwamitin Tarayyar Afirka da Thabo Mbeki ya jagoranta, wanda ya zagaya Darfur ya saurari jama'a a 2009. Kwamitin ya ba da shawarar a kafa kotun haɗin gwiwa ta alƙalan Sudan da na waje, a cire rigar kariya, a kafa hukumar gaskiya da sulhu. A Abuja ɗin dai, a ƙarshen Oktoban 2009, Kwamitin Tsaro da Zaman Lafiya na Tarayyar ya amince da rahoton. Khartum ta ƙi kotun, shugabannin Afirka ba su matsa ba. Ahmad Harun ya fice daga kurkukun Kobar a Afrilun 2023, kwanaki kaɗan bayan ɓarkewar yaƙi, sammacin 2007 na kansa har yau. Rahoton Mbeki na nan a ajiye a Addis Ababa, kuma Najeriya, da ke zaune a Kwamitin Tsaro da Zaman Lafiya na Tarayyar, na iya neman a sake ɗora shi kan tebur kafin a sa hannu kan wata sabuwar yarjejeniya.